Makunnin da Na Ƙi Nuna wa Yaya

Shekara goma sha ɗaya muna gareji ɗaya da yayana, bai taɓa tambayata komai ba. Ba ƙari na yi ba wallahi. Ko ƙarfe nawa ne, ya gwammace ya leƙa waje ya dubi rana da ya tambaye ni. Ni kuwa abu ɗaya nake nema a wurinsa: wata rana ya buɗe bakin nan nasa ya ce, “Kai, wannan kuma mene ne?” Shi ke nan. Da ya faɗa sau ɗaya, da na yafe masa sauran.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Garejin na mahaifinmu ne, ya rasu ya bar mana: rumfar kwano, rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce. Yaya ke da injin da giya. Ni ke da wayarin da kwamfutar duba mota. A layinmu na bakanikai ba wanda ke kiransa da sunansa, Kunne ake ce masa. Zai ɗora bakin doguwar sukurudireba a jikin injin, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya faɗa maka abin da ke damun motarka kafin ka gama gaisuwa. Kuma gaskiya ɗaya ce, duk haushinsa da nake ji, ban taɓa ganin ya yi kuskure ba. Abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan.

Ni kuma ya laƙaba mini Danne-danne. Wai aikina ke nan, danna wannan, danna wancan. Sunan ya bi ni har gida, matata ma in ta yi fushi, da sunan take kirana.

Ranar Litinin da hantsi muka ji gurnani tun daga bakin layi. Mai walda na gefenmu ya ɗage gilashin fuskarsa, mai fenti ya fito da hannu duk shuɗi. Wata baƙar mota ce mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa, irin ta tsere, tana tafiya tana zabura tana tsayawa. Da ta tsaya a gaban rumfarmu, sai da aka ɗan jima kafin mai ita ta iya fitowa. Dattijuwa ce mai tabarau, da ƙatuwar jaka a hannu, ta dafa ƙofa ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

“Wane ne Kunne a cikinku?”

Yaya ya goge hannu a tsumma. “Ga ni, ranki ya daɗe.”

“Malama ake ce mini. Shekara talatin ina shugabar makaranta, don haka ba na son dogon surutu.”

Ta yi bayani a taƙaice. Motar ta ɗanta ce, ya tafi kwas na wata shida, ya ce ta riƙa zagayawa da ita sau ɗaya a mako don kada ta kwanta. Wata biyu lafiya lau. Tun ranar Asabar motar ta haukace. Da ta taɓa totur sai ta zabura. Ihu take yi kamar ana yanka ta. Sitiyari ya yi nauyi, kowane ɗan rami sai ta ji shi a ƙashin bayanta, mai kuwa shan sa take yi ba ƙaƙƙautawa.

Tun kafin ta rufe baki wani abu ya ɗarsu a raina. Na ce, “Malama, ko akwai wani rubutu da ya fito a…”

“Kai, Danne-danne, manya na magana,” in ji Yaya. “Je ka ɗauko mini sukurudireba.”

Shekarata arba'in da ɗaya. 'Ya'yana uku, babbar tana sakandare. Mai walda ya yi dariya, mai fenti ya taya shi. Malama ta dube ni ta saman tabarau, daga hula har takalmi.

“Ma'aikacinka ne?”

“Ƙanena ne. Shi aka kai makaranta. Kin dai gani.”

Na je na ɗauko sukurudirebar.

Yaya yana da yadda yake gwada mota, kuma bai taɓa sauyawa ba. Ba ya tuƙi. Yana zama a gefen direba, ya cire takalmi ya dasa tafin ƙafa a ƙasa, ya rufe ido ruf, ni in tuƙa. Ya ce ido maƙaryaci ne, allon mota kuma na waɗanda ba su da kunne ne. Saboda haka ni na shiga mazaunin direba, ni na tayar da ita, kuma ni kaɗai na ga abin da ke gabana. Jan rubutu ne ɓaro-ɓaro a allo, bayan sitiyari. Na sauke ido gefen giya, ga wani ɗan makunni zagayayye da ake murɗawa, daidai inda mace za ta ajiye jakarta. An murɗa shi gefe ɗaya. Motar tana sifot.

Ga wanda bai sani ba, ba wani abin mamaki ba ne. Irin waɗannan motoci hali biyu gare su, kai ke zaɓa. In ka bar makunnin a tsakiya, mota ce mai ladabi, za ta kai ka kasuwa ta dawo da kai. In ka murɗa shi zuwa sifot, ka gaya mata tsere za a yi. Totur ya zama mai saurin ji, ɗan taɓi kaɗan ta amsa. Giya ta ƙi sauyawa da wuri, sai injin ya hau sama sosai don ƙarfi ya taru. Sitiyari ya ƙara nauyi don kada ya yi wasa a hannu in ana gudu. Shokozoba su yi tauri don motar ta manne da titi a kwana. Salansa kuma akwai wata 'yar ƙofa a cikinta da ke buɗewa, ƙara ta fito. Ba abin da ya lalace. Motar tana yin abin da aka ce ta yi ne kawai, jakar Malama ce ta ba da umarni.

Muka hau babban titi. Yaya, ido a rufe, ya fara karanto ta.

“Ji nan. Ta riƙe giya ta biyu, ta ƙi saki. Ƙara mata.”

Na ƙara.

“Ka ji? Sai da ta kai maƙura ta sauya, kuma da duka ta sauya. Taka birki.”

Na taka. Motar ta sauko giya da kanta, ta yi wani ɓuuu.

“Tana saukowa tun ba a nema ba. Ƙafarta ta sandare, sitiyarin ma ina jin yadda kake kokawa da shi.”

Kai, mutumin nan! Duk abin da makunnin ke yi ya lissafa shi ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba, ido a rufe. Sai na ji wani abu kamar alfahari ya taso mini, haushin ya ɗan lafa. Na ce a raina, bari in murɗa shi kawai, ya ji ta yi laushi, mu yi dariya mu koma. Na sauke hannun dama daga sitiyari. Yatsana ya kusa taɓa makunnin, sai na ji tas a bayan hannuna. Ko idon bai buɗe ba.

“Hannu biyu a sitiyari! Motar mutane ce, ba wayarka ba ce da za ka yi ta danne-danne.”

To. Na mayar da hannuna. Na ce a raina, wallahi ko za ka kwance motar nan har kusa ta ƙarshe, ba za ka ji daga bakina ba sai ka tambaya.

Da muka dawo ya tsaya gaban Malama ya yanke hukunci, da muryar nan tasa ta wanda bai taɓa shakka ba.

“Giyabos ne. Yana riƙewa. Shi ke jijjiga motar har kike jin ta a baya. Sai na sauke shi.”

“Ka tabbata? Ɗana ya fi son motar nan da ni.”

“Ranki ya daɗe, tambayi layin nan kaf.”

Mai walda ya ce, “In Kunne ya faɗa, an gama.”

Ta ce ranar Alhamis za ta dawo. Ina tsaye ina jin su, na harɗe hannu a ƙirji.

Giyabos ɗin irin wannan mota ba na motar haya ba ne da za ka zare da rana ɗaya. Sai da Yaya ya sauke salansa, ya cire murfin ƙasa, ya kwance wayoyi fiye da goma. Wayoyi aikina ne, amma bai ce in zo ba, ni kuma ban je ba. Mai walda ya taya shi saukewa. Ranar Talata da yamma giyabos na kan tebur, a kan tsohon buhu, Yaya ya buɗe shi.

Tas yake. Man ciki ja garau, ko ɗigon ƙarfe babu. Haƙoran giya suna ƙyalli kamar jiya aka ƙera su. Na ga ya ɗauki ɗaya ya juya, ya kai hanci, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ina zaune a benci ina gyaran wata tsohuwar sitata ta tayar da injin, ina kallonsa ta gefen ido, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Daɗi sosai.

Da safiyar Laraba matata ta ga ina murmushi ni kaɗai ina shan shayi, ta matsa mini sai da na gaya mata. Ta ajiye kofin hannunta.

“Yayanka ne fa.”

“Na sani. Ya tambaye ni mana.”

“Ka san ba zai tambaya ba.”

“To ya sha.”

“Allah ya shirye ka. Mutum shekara hamsin yana kwance a rami kwana uku, kai kana nan kana washe baki.”

Na fita ban ƙarasa shayin ba.

Ranar duka Yaya bai tashi daga kan giyabos ɗin ba. Abincin da aka kawo masa daga gida yana nan a rufe har ya huce. Ya wanke kowane ƙarfe, ya duba a hasken rana, ya auna, ya sauya wasu robobi biyu da ba abin da ya same su, don dai a ce an sauya wani abu. Ya ƙuje yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Can wajen la'asar ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Na ce a raina yau ce. Na ajiye abin da ke hannuna, na tashi na matso kusa da teburin, har na shirya yadda zan faɗa masa ba tare da gori ba.

“Matsa,” ya ce. “Ka tare mini haske.”

Na matsa.

Alhamis da rana ya gama mayarwa. Malama ta iso a motar haya, da jakarta. Labarin baƙar mota ya riga ya zaga layi, don haka mutane sun taru: mai walda, mai fenti, mai faci, har da masu motocin da ke jiran nasu aikin. Yaya ya cire takalmi ya shiga gefe, na shiga mazaunin direba na tayar.

Gurnanin nan dai, bai ragu da komai ba. Muka fita muka zaga layi, tana zabura, tana riƙe giya, tana ihu. Sai ma wani sabon abu da ya ƙaru: in za ta tashi daga tsaye sai ta yi fizga, ga kuma wata fitila ruwan lemo ta kama a allo. Na saci kallon Yaya. Idonsa a rufe, amma gumi na bin wuyansa, leɓensa na motsi ba sauti.

Muka tsaya gaban rumfa. Malama ba ta jira ya sa takalmi ba.

“Wannan ce gyararriyar?”

“Ranki ya daɗe, akwai ɗan abin da ya rage…”

“Kwana huɗu. Ka ce in tambayi layi kaf. Ga layin nan a tsaye, me zan tambaye su?”

Ni kuwa ina zaune a ciki, injin na aiki, ƙofa a buɗe. Na ɗaga murya yadda na bayan ma zai ji.

“Malama, ɗan leƙo ki gani.”

Na sa yatsa biyu na murɗa makunnin zuwa tsakiya. Ƙit. Jan rubutun ya ɓace. Gurnanin ya faɗi nan take, injin ya koma numfashi a hankali. Na murɗa baya, ta yi gurnani. Na dawo da shi, ta yi shiru. Sau uku na yi, don kada wani ya ce bai gani ba. Sannan na fito na yi musu karatu, na bi su ɗaya bayan ɗaya, totur, giya, sitiyari, shokozoba, salansa. Na ce wannan shi ake kira sifot, duk mai ido zai gan shi a allo. Na jaddada kalmar ido.

Mai fenti ne ya fara tuntsirewa. Mai faci ya kama ciki. Wani daga cikin masu jira ya ce, “Ashe kunnen ma yana buƙatar tabarau!” Aka sake fashewa. Sunan da Yaya ya shekara talatin yana ginawa, a tsaye aka cinye shi cikin minti biyu, shi kuma yana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta juyo gare ni.

“Kai, tun yaushe ka san wannan?”

Da na yi ƙarya da ta wuce. Amma so nake ya ji.

“Tun ranar Litinin.”

“Tun Litinin. Kana kallo aka farke cikin motar ɗana.” Ta cire tabarau. “Shi rashin sani ya yi, kowa na yi. Kai mugu ne. Na koyar da yara dubbai, na san irinku, masu ganin ɗan'uwa zai taka rami su ja baya don su sami wurin kallo mai kyau. Tir.”

Dariyar ta mutu. Mai walda ya sauke gilashinsa ya koma rumfarsa. Malama ta nuna fitilar ruwan lemon da ke ci a allo.

“Wannan ban kawo ta da ita ba, fizgar ma ban kawo ta da ita ba. Gobe da rana zan dawo. In na same su, ɗana zai ji, hukuma ma za ta ji.”

Zagin ya shige ni, ba zan ce bai shige ni ba. Amma ko a lokacin lissafina daban ne. Na san abin da fitilar ke nufi. Irin wannan giyabos, in an sauke shi an mayar, sai an jona kwamfuta an sake koya masa inda kowace giya take. Sifana ba ta yi, kunne ba ya yi. Aikin minti ashirin ne, kuma a layin nan kaf ni kaɗai ke da na'urar. Yaya ma ya sani. Ba shi da wata ƙofa sai tawa.

Washegari na riga kowa zuwa. Na share rumfa, abin da ban saba ba. Na goge teburina, na ɗora kwamfutar, na buɗe ta, na warware wayar na shimfiɗa ta a miƙe. Na ma sayo shayi kofi biyu. Na yanke shawara ba zan wahalar da shi ba. Ko rabin tambaya ya yi, ko “To, ya za a yi?” ya ce yana kallon bango, zan tashi.

Ƙarfe tara bai zo ba. Goma ta wuce. Shayin ya yi sanyi.

Wajen sha ɗaya na ji babur ɗinsa. Ba shi kaɗai ba ne. A bayansa akwai wani mutum mai ƙiba, sa'ana, rungume da jakar leda. Na san shi sama-sama, daga can wani layi yake a ƙarshen gari, aikinmu ɗaya, kuma na'urarsa ko rabin tawa ba ta kai ba. Yaya ya wuce ta gaban teburina kamar ba kowa a wurin. Ya buɗe wa mutumin ƙofar mota da kansa. Ya ɗauko tsumma mai tsabta ya shimfiɗa masa a kujera.

Mutumin ya yi ta lalube a ƙarƙashin sitiyari yana neman inda ake jona waya. Yana hagu, a bayan wani ɗan murfi, ina ganin wurin daga inda nake zaune. Sai da ya ɓata minti goma. Aikin minti ashirin ya kai shi awa guda, amma a ƙarshe fitilar ta mutu.

Mutumin ya fara naɗe wayarsa, sai Yaya ya zagaya ya shiga gefen direba ya zauna. Bai cire takalmi ba, bai rufe ido ba. Ya ciro wani tabarau daga aljihu, sabo, da takardar kanti a jikinsa, ya saka. Ya nuna makunnin da yatsan nan mai tsumma.

“Malam, don Allah in ba za ka damu ba. Wannan abin, yi mini bayaninsa tun daga farko. Ni ban san shi ba.”

Mutumin ya gyara zama ya fara. Bayanin nasa duk a hargitse, ya ce wai makunnin ƙara wa injin girma yake yi, ya manta da shokozoba gaba ɗaya. Yaya yana gyaɗa kai.

“To, shi wannan jan rubutun fa? In ya fito me yake nufi?”

Ya amsa.

“Wannan na kusa da shi kuma fa?”

Taku biyar ne tsakanina da su. Na zauna da kwamfutata a buɗe ina ƙirga tambayoyin, har sai da suka kai goma sha huɗu.